Akwalar Veturia

Idan mutumin Magura ya ce zai sauka gari, ba a tambayarsa da me zai je. An san Veturia zai bi. Shekara kusan talatin ita ce ƙafar ƙauyen, ita da wata tsohuwar mota ƙirar Dacia mai dogon baya wadda aka ce asalin launinta shuɗi ne.

'Yar autar wani mai saran katako ce, a can saman duwatsun yammacin Romaniya inda hanya ke ƙarewa. Ba ta kai ashirin ba lokacin da kamfanin madara na gwamnati ya rasa direban da zai yarda ya riƙa hawa Magura da hunturu. Ta wanke ƙafa ta je ta ce a koya mata. Suka yi dariya har suka gaji, sannan suka koya mata, don ba su da wani. A motar madarar nan ta san Gligor, mai sassaƙa bokitan katako, wanda kullum za ta tarar da shi a bakin hanya da kayansa yana jiran a rage masa hanya. Da ta lura bokitan da yake sauka da su kasuwa su ne dai yake dawowa da su, sai ta ce masa in aure yake so ya faɗa, ya daina cika mata mota da tarkace.

Gligor bai taɓa koyon tuƙi ba, bai kuma ji kunyar haka ba. Maza kan tsokane shi a ƙofar coci, su ce, “Gligor, yau ma uwar ɗakin naka ce za ta kai ka?”

Sai ya gyara hula ya ce, “Ku matanku ina suka taɓa kai ku, in ba bango ba?”

Da gwamnati ta sauya, kamfanin madara ya rufe, suka sayar da bijimai biyu suka sayi Dacia ɗin nan daga hannun wani malamin makaranta. Ba a jima ba bas ɗin da ke hawowa ƙauyen ya daina zuwa. Samari da 'yan mata suka watse, wasu Italiya, wasu Sifen, aka bar tsofaffi da shanu. Ɗansu guda, Sabin, bai yi nisa ba, ya tsaya a birnin Cluj ya yi aure, yana tuƙa tasi ɗin wani.

Kowace Alhamis Veturia za ta loda cukunta da man shanu a bayan mota, ta bi gida gida tana ɗaukar mutane. Saveta mai ciwon suga ce a gaba, don tana amai in ta zauna a baya. Gligor a tsakiyar tsofaffi, bokitansa a cinya. Tanase, maƙwabcinsu mai doki da kaifin baki, yakan ce shi ba ya shiga gwangwani, amma duk ranar karɓar fansho shi ne farkon zama. Motar ta ɗauki tukwanen gas, ta ɗauki ɗan maraƙi, ta ɗauki mai naƙuda, ta ɗauki akwatin gawa a ɗaure a kanta. Ba kuɗin mota ake biya ba. Wannan ya kawo ƙwai, wancan ya zuba mata mai, wani ya ce Allah ya saka, ya sauka. Idan motar ta yi tari, Veturia ba ta kai ta gareji. Takan ɗaga murfin inji ta kasa kunne kamar mai sauraron gulma, ta shiga ciki da hannu, ta fito baƙi ƙirin, motar ta tashi.

Sai ga labari a rediyo, wai gwamnati za ta tallafa wa duk wanda zai sayi mota mai lantarki, a rage masa kaso mai tsoka na kuɗinta. Sharaɗin shi ne ya kawo tsohuwar mota a murƙushe, don a rage hayaƙi a ƙasa. Mutane suka sa wa abin suna shirin akwala. A Magura an ji, an yi ta ba'a, an wuce wurin, don ba mai kuɗin sabuwar mota ko an rage rabi. Amma kafin bazara ta kama sai ga baƙin fuskoki suna hawowa, 'yan birni masu tsabtar takalma, suna leƙa bayan gidaje suna tambaya ko akwai motar da ta daina tafiya. Kowa na neman akwalar da zai kai a rage masa kuɗi. Biyu sun tsaya a ƙofar Veturia. Ta ce musu tata ba ta daina tafiya ba, su ƙara gaba.

Na uku ɗanta ne. Ya zo bikin Ista da matarsa Ilinca da 'yarsu. Aka ci naman rago, aka ci jajayen ƙwai, Gligor ya fito da kwalbar da yake ɓoyo. Veturia ta lura Sabin bai ci abin kirki ba. Ya rame, bayansa ya fara ranƙwafawa irin na masu wuni a kujerar mota. Da ta fita ba kaji tsaba ya biyo ta.

“Mama, ba kuɗi na zo nema ba.”

“Da kuɗin ne da ya fi min sauƙi, sai in ce babu.”

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce shekara da shekaru yana tuƙa motar wani, in ya samo a raba biyu, shi ne kuma mai shan zagin fasinja. Da tallafin nan da abin da banki zai ba shi, zai iya mallakar tasa, ba sayen mai, ba maigida. Ya zagaya neman akwala, duk an riga shi, waɗanda suka rage kuma sun yi tsada.

“To, sai ka tuna da ta uwarka.”

“Mama, tsakani da Allah, motar nan saura nawa ta yi? Bara da kyar masu duba lafiyar mota suka sa mata hannu. Ƙasanta ya ruɓe, in ana ruwa Inna Saveta sai ta ɗaga ƙafa. Rana ɗaya za ta tsaya miki a tsakiyar daji, a lokacin ko kyauta ba mai karɓa.”

“Mutanen fa? Alhamis fa?”

“Ni zan riƙa zuwa. Kowace Alhamis, kafin ki gama tatsa ina ƙofar gida. Ke kuma ki zauna a kai ki, ki huta. Kin yi tuƙin da ya isa.”

Ta watsa sauran tsabar ta koma ciki.

Da yamma tana tatsa Gligor ya shigo garke, ya tsaya yana sosa wuyan saniya, abin da ba ya yi.

“Ba shi, Veturia.”

“Kai da ba ka san birki da totur ba, kai ne mai ba da mota.”

“Ban san su ba. Amma yaron nan tun da ya bar gidan nan bai taɓa roƙonmu ko allura ba. Kin ga bayansa kuwa? Ya fi nawa tsufa.”

Ta ci gaba da tatsa har bokitin ya cika. Ta san gaskiya Sabin ya faɗa game da ƙasan motar, ita ta liƙe shi da langa-langa. Ta kuma san gaskiya Gligor ya faɗa. Abin da ba ta iya faɗa ba shi ne, tun tana budurwa ba ta taɓa tsayawa a bakin hanya tana jiran wani ba.

Da aka gama abin da za a yi na takardu, ita ta tuƙa motar zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan gari. Sabin ya ce a kira mai janwe, ta ce motar da ta hau da ƙafarta da ƙafarta za ta sauka. Ranar kuwa kamar da gayya, ko tari ba ta yi ba. Filin cike yake da motoci an ɗora wata kan wata, da yawansu gilashinsu ko tsagewa bai yi ba. Mai filin, wani ƙato mai tumbi, ya tsaya yana jin ƙarar injin kafin ta kashe.

“Inna, wa ke duba miki injin nan?”

“Ni.”

Ya kaɗa kai. “Da da hali da na ajiye wa kaina. Amma ka'idar ta ce a matse, ko tana tafiya ko ba ta tafiya. Shekaranjiya wata aka kawo min har da turaren da ke rataye a madubi.”

Ya kwance lambar, wani ma'aikaci ya shiga ƙarƙashi ya zuƙe mai. Sabin ya ce su tafi, ba sai sun gani ba. Ta ce sai ta gani. Ta tsaya har ƙugiyar ƙarfe ta sauko ta kama rufin, gilasai suka tarwatse, motar ta tashi sama tayoyinta na lilo. Daga nan ta juya. Sabin ya mai da ita gida a tasi ɗin maigidansa, ta zauna a baya, kafin su kai gadar gindin dutse ta ce ya tsaya, ta fita ta yi amai.

Sabuwar motar ta iso ana tsakiyar yankan ciyawa. 'Yar ƙarama ce, fara sol. Ba wanda ya ji hawowarta, sai ganinta aka yi a ƙofar gida, karen Tanase na kwance a hanya ko kunne bai ɗaga ba. Ƙauyen duka ya fito. Tanase ya zagaye ta yana ƙwanƙwasawa da sanda.

“Sabin, wannan mota ce ko firji? Ka tabbata sun sa mata inji, ko dai sun manta?”

“Baba Tanase, shiga in zagaya da kai.”

“In shiga in fito ƙanƙara?”

Ya shiga, ya kuma ƙi fitowa sai da aka kai shi har coci aka dawo. Veturia ma ba ta hana motar haƙƙinta ba. Ta ga yadda take cin hawa ba gurnani, ba hayaƙi, ta ce wanda ya ƙera ta ya san aikinsa. Da aka zo caji, aka zura waya ta tagar kicin. Motar ta wuni tana sha kamar mara lafiya da ake wa ƙarin ruwa, Gligor na kunna injin sassaƙarsa wutar gidan duka ta ɗauke. Aka yi dariya, ya ce motar jikarsa ce, ya yafe mata aikin yini ɗaya.

Duk bazarar nan Sabin ya cika alkawari. Yakan iso da sassafe idanu jajur, ya kwashi tsofaffi ya sauke, ya jira su a kasuwa yana gyangyaɗi, ya mai da su. Sai dai mutum uku take ɗauka bayan shi, cukun kuma sai an shimfiɗa leda, don fasinjan birni ba ya son wari. Tukunyar gas guda ɗaya ke shiga. Maraƙi kuwa ba a ma kawo zancensa ba. Mutane suka fara rabon mako, wannan Alhamis ta wane, waccan ta wance.

Da ganye ya fara zuba sai ya koma zuwa bayan mako biyu. Ya kira ya ce banki ba ya sanin Alhamis, kowane ƙarshen wata hannu yake miƙowa, kuma yanzu rabin masu tasi a Cluj irin motarsa suke ja, fasinja ya yi ƙaranci. Veturia ta ce ba komai, ya kula da kansa. Masu sayen cukunta na shekaru suka zo rumfarta suka tarar ba kowa, suka sake zuwa haka, suka koma wurin wata mata daga wani kwari.

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka da wuri. Abin da Sabin bai sani ba, ko ya sani bai ɗauka ya kai haka ba, sanyi na shanye batir. Tafiyar da motar ke yi da rani ta rage saura, da hunturu ba ta kai. Wurin caji guda ne a garin da ke ƙasa, ranar kuma ya tarar da shi a lalace. Ya kashe hitar ɗumama mota don batirin ya kai, ya daure ya kamo hawa, haƙoransa na kaɗawa. Ya wuce gada, ya wuce injin tsaga katako, a kwanar da ake ganin hasumiyar coci motar ta yi sanyi ta tsaya. Ba abin ɗagawa a duba. Veturia ta sauko da ƙafa ta tsaya a gabanta, hannuwa a aljihu, ba ta san inda za ta sa su ba.

Dokin Tanase ne ya ja ta zuwa gida. Tsohon ya yi ta yi wa dokin magana da ƙarfi don a ji. “Ja a hankali, ɗan nan, kayan gwamnati ne. Kai ba a ba da tallafi a kanka ba, ciyawa kake ci.” Ba wanda ya taya shi dariya, shi ma ya bari. Sabin ya kwana biyu a ƙauye yana jiran motar ta sha ta ƙoshi, kwana biyun da bai samu ko sisi ba. Da zai tafi bai iya haɗa ido da uwarsa ba.

“Mama, da zarar hanya ta bushe...”

“Je ka. Kada ka sake hawowa da sanyin nan, ka ji na faɗa maka.”

Ita ta faɗa, ya kuwa ji.

Ta ƙudurta za ta sayi wata. Akwai abin da ta tara na cuku, akwai karsana da za a iya sayarwa. Ta ji labarin wata bazawara a ƙauyen da ke ƙetaren kwari mai motar mijinta a rufe, ta sa Tanase ya kai ta a keken doki. Suka tarar da rumfar wayam, sai ɗigon mai a ƙasa. Matar ta ce tun kaka wani ɗan birni ya saye, ya ba ta abin da ba ta taɓa zato ba. Suka bi wasu gidaje biyu, labarin ɗaya. Bakaniken gari, wanda ta sani tun yana yaron gareji, ya ce mata, “Inna, akwala yanzu ta fi budurwa farin jini. Duk kwarin nan an tsince su tas. Sai dai na ƙasar waje, su kuma ko kin sayar da shanunki duka ba za su kai ba. In ma kin saya, ba a gyara su da kunne, sai an jona kwamfuta.”

Kafin Kirsimeti 'yar Saveta ta zo daga garin Turda da hayar wata babbar mota ta kwashe uwarta. Allurar sugarta ta yanke sau biyu, na biyun a ƙasa aka tsince ta a kicin. Veturia ta je taya ta ɗaure kaya. Tare suka tashi tun suna 'yan mata, tare suka tsaya wajen baftismar 'ya'yan juna a coci. Saveta ta zauna a bakin gado tana kallon hotunan waliyyai da ake saukewa daga bango.

“Ɗaki ɗaya za su ba ni da injin wanki,” ta ce. “Wai in yi haƙuri da ƙararsa.”

“Za ki dawo da bazara.”

“Kada ki yi min ƙarya, Veturia, mun tsufa.” Sannan ta ce a hankali, ba da faɗa ba, “Ɗanki ne, ni ma da nawa ne da na ba shi. Amma abin da kika ba shi ba naki ba ne ke kaɗai.”

Veturia ta ƙulle bakin buhun da ke hannunta ta fita da shi. Maganar ta bi ta har gida, ta zauna mata a ƙirji, ba ta faɗa wa Gligor ba.

Shi Gligor tun bara likita ya ce zuciyarsa na tsalle, ya riƙa zuwa duk wata a duba shi a gyara masa magani. Da mota tana nan, ko yana so ko ba ya so Veturia na tura shi ciki. Yanzu sai ya ce hanya ta yi tsawo a keken doki, sanyin ma ya fi ciwon illa, a bari sai an ga rana. Maganin ya ƙare, aka aika wani ya sayo irinsa, aka ci gaba da sha yadda aka saba. Ta ga ƙafafunsa na kumbura, ta ga yana tsayawa hutu tsakanin ɗaki da garke. In ta yi magana ya ce tsufa ne, ita ma ta duba madubi.

Wata safiya a ƙarshen hunturu ta shiga garke ta same shi zaune a ƙasa, ya jingina da bango, leɓunansa sun yi shuɗi. Ta kira motar asibiti. Suka ce suna tafe, amma an kwana dusar ƙanƙara na zuba, ba a share hanyar sama ba, iyakarsu gada, a yi ƙoƙari a sauko da shi. Veturia ta ajiye wayar ta tsaya. A irin wannan dusa ta sha ɗaura wa tayoyi sarƙa ta sauka a giya ta biyu, ta san kowace kwana da ido a rufe. Ta ruga gidan Tanase.

Suka shimfiɗa Gligor a kan abin jan itace da doki ke ja a ƙanƙara, suka lulluɓe shi da barguna da fatar tumaki. Dokin na nutsewa har gwiwa. Tanase na gaba yana jan linzami. Ita tana gefe tana riƙe da hannun mijinta ta ƙarƙashin bargo, tana faɗuwa tana tashi. Wajen kwanar coci Gligor ya buɗe ido ya dube ta.

“Yau dai ba ke ke tuƙi ba.”

“Yi shiru ka adana numfashinka.”

“Wannan direban bai iya ba,” ya ce, ya lumshe ido.

Sun sami motar asibitin a gada, fitila na walƙiya, ma'aikatan na buga ƙafa don sanyi. Gligor ya kwana biyu a asibiti bai sake magana ba, ya cika. Likitar, wata yarinya mai gajiyayyun idanu, ta ce ko da an kawo shi da wuri ba lalle ba ne, zuciyar ta riga ta gaji. Veturia ta yi mata godiya. Ba ta ƙaryata ta ba, ba ta kuma yarda ba, har yau tana tsakani.

A farfajiyar asibiti Sabin ya durƙusa a gabanta yana kuka kamar yaro, ya ce shi ya kashe ubansa.

“Rufe min baki,” ta ce. “Ubanka ne ya ce a ba ka.”

Don ta sauke masa nauyi ta faɗa. Sai da maganar ta fita ta ji yadda ta yi kama da ɗora wa mamaci laifi, ta kuma ga yadda Sabin ya ɗago ya dube ta, ya gane ita ba ta so bayarwa ba. Ba su sake tayar da zancen ba.

Ta yi ƙoƙarin zama ita kaɗai. Ta yi bazara guda tana tatsa tana cuku tana jera shi a ɗaki, ba mai saye, ba hanyar kaiwa, har ta fara ba aladun maƙwabta. Gidaje biyu suka ƙara rufewa. Da kaka ta kira dillali ya zo da babbar mota ya kwashe shanun, ta tsaya a cikin ɗaki har ƙarar ta ɓace. Sabin ya zo kafin dusar ƙanƙara ta sauka ya ɗauke ta da akwati biyu da tukunyar tuwon masararta.

Gidansu a Cluj hawa na tara ne. Ilinca ba ta rage ta da komai ba, ta ba ta gadon yarinyar, yarinyar ta koma kan kujera. Sai dai ba aikin da ya rage wa Veturia. Injin ke wanki, burodi daga kanti yake zuwa, cukun da ake ci a leda yake, ba ya warin komai. Takan tashi da asuba yadda ta saba, ta zauna a kicin da hannuwa a kan tebur har gari ya waye. Sabin na fita kafin a tashi, ya dawo bayan an ci abinci, bashin motar bai ƙare ba, batirin kuma ya fara rage zango.

Wata Lahadi bayan coci ya ce ta zo. Ya kai ta filin ajiye motoci na wani babban kanti da ba kowa, ya fita ya buɗe mata ƙofar direba.

“Gwada, Mama. Ba wuya, ba giya, ba komai. Taka kawai.”

Ta zauna, ta gyara kujera, ta kama sitiyari. Hannuwanta suka san wurinsu. Ta taka, motar ta sulale ba sauti. Ta ji abin da ta daɗe ba ta ji ba ya taso mata daga ciki. Da gudun ya ƙaru, ƙafarta ta hagu ta tafi neman kuloci da kanta, ta sami birki, ta danna har ƙasa. Motar ta ƙame, kan Sabin ya kusa bugun gilashi. Ya yi dariya ya ce kowa haka yake yi da farko, ta sake. Ta sake, ƙafar ta sake yi. Hannunta na dama kuma sai lalube yake a inda babu komai.

Ta cire bel ta buɗe ƙofa.

“Mama, sau biyu kawai kika gwada.”

“Ya isa. Zo ka karɓi abinka.”

Da lasinta ya ƙare a watan haihuwarta, Ilinca ta ce za ta raka ta a sabunta. Ta ce a bari.

Yanzu aikinta kai yarinyar makaranta da ɗauko ta. Tana riƙe hannunta a bakin titi, su jira fitila ta ba su hannu, motoci na wucewa, da yawansu ba a jin zuwansu sai an gani. Maƙwabta sun san ta da tsohuwar hawa na tara mai baƙin ɗankwali, wadda ba ta cika magana ba.

Kwanan baya Tanase ya kira ta. Ya ce ya sayar da dokin, ƙafafunsa ba sa iya bin sa. Hayaƙi a gida huɗu kawai yake tashi yanzu, limamin coci ma sai wata wata yake hawowa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce itacensa ba zai kai shi bazara ba, ga na Gligor jibge a bayan gida ruwa na dukansa, ko za ta bari ya ɗiba.

“Ɗebi, Tanase. Kwashe duka.”

“In kin dawo fa?”

“Kwashe duka na ce.”

Ya ce to, ya gode, a gai da yara. Ilinca ta leƙo daga ɗaki ta tambaya wane ne. Veturia ta ce mutanen gida ne, suna gaishe ku. Ta ɗauki rigar sanyinta, don lokacin tashi daga makaranta ya kusa.